Yadda ƙari marar illa ke rikiɗa ya zama kansa a fatar ɓeran labo: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan lakwal da wasu 'yan'uwa ke yawan yi nan Damagaram duk sanda zancen kansa ya taso aka ce ai a jikin ɓera masana suka gano abu kaza. Na tara su wuri guda. Wasu amsar gajera ce, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni don abin ba ya faɗuwa a layi biyu.

Wai mene ne ƙari marar illa? Ai ni a ganina ƙari dai ƙari ne.

A'a malam, akwai bambanci kuma babba. Fata hawa-hawa ce, akwai ta sama wadda muke gani, akwai ta ƙasa inda jijiyoyin jini suke, tsakaninsu kuma akwai wata shimfiɗa siririya da ido ba ya gani sai da mikroskof. Ƙari marar illa, wanda a labo ake ce ma papiloma, ƙwayoyin fatar sama ne suka yi ta hayayyafa fiye da kima har suka taru suka tsiro waje, amma ba su keta wannan shimfiɗa ba. Yana iya girma, yana iya muni a ido, amma yana nan inda yake. Ranar da ƙwayoyin suka huda shimfiɗar suka nutsa cikin naman ƙasa, to sunan ya canza, ya zama karsinoma, wato kansa kenan, daga nan tana iya bin hanyar kaluluwa ta kai har huhu. Saboda haka girma ba shi ne ma'auni ba. Ana samun ƙaton papiloma da bai taɓa zama komai ba har ɓeran ya tsufa, ana samun ɗan ƙarami da ya rikiɗe da wuri.

Me ya sa sai ɓera, kuma me ya sa sai fata?

Ɓera ba ya da tsadar kiwo, yana haihuwa da yawa, cikinsa sati 3 ne kacal, ransa kuma bai fi shekara biyu zuwa uku ba, abin da zai ɗauki mutum shekara 30 sai a gan shi a jikinsa cikin shekara guda. Fata kuwa a fili take. Ƙarin hanta ko na hanji sai an buɗe ciki, na bayan ɓera kuwa kowane sati sai ka ɗaga shi ka ƙirga ka auna ka mayar, ka bi ƙari guda tun yana ɗan ƙurji har ƙarshensa.

Wa ya fara wannan aiki?

Asalin zancen daga mutane ya faro. A 1775 wani likitan fiɗa a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi, waɗanda tun suna yara ake cusa su ciki, suna yawan kamuwa da kansar fatar maraina, ya ce kunkunniyar ce. Sai dai lura daban, nunawa da gwaji daban. An daɗe ana gwadawa a dabbobi ba a dace ba, sai a 1915 wasu 'yan Japan biyu, Yamagiwa da Ichikawa, suka yi ta shafa ma kunnen zomo kwaltar gawayin ƙasa wata da watanni ba gajiya har kansa ta fito. A 1918 wani ɗan ƙasar tasu Tsutsui ya nuna a bayan ɓera ma abin yana yi, kuma ya fi sauƙi. Daga nan aka shiga neman wane sinadari ne cikin kwaltar, a 1933 mutanen Kennaway a Landan suka tace kusan ton 2 na baƙar kwalta suka ciro benzopiren, wanda yau mun san yana cikin hayaƙin taba da hayaƙin itace da na mota.

Maganar cewa kansa mataki-mataki take zuwa kuwa daga baya ta zo. Peyton Rous a Amurka shi ya raɗa ma matakan suna a gwajinsa na zomaye wajen 1944, Isaac Berenblum kuma ya gano a 1941 cewa man wani tsiro da ake kira kroton, wanda shi kaɗai kusan ba ya kawo kansa, yana ƙara ma sinadarin kwalta ƙarfi ƙwarai. A 1947 shi da Philippe Shubik a Oksfod suka tsara gwajin yadda har yanzu ake yinsa.

To yaya ake yin gwajin, a taƙaice?

Ba zai taƙaitu sosai ba amma ga shi. Ana samun ɓeraye 'yan sati 7 zuwa 9, yawanci mata don mazan faɗa gare su, su yi ta cizon juna a baya, rauni kuwa yana ɓata lissafi kamar yadda za mu gani. A aske masu gashin baya da ƙaramin injin aski, a bar su kwana biyu a ga gashin bai fara tsirowa ba. Sai a ɗauko wani sinadari mai suna DMBA wanda aka narka cikin aseton, a ɗiga ɗan kaɗan a wurin askin, sau ɗaya tak, aseton ɗin ya bushe nan take. Mai aikin yana sanye da safar hannu da riga da takunkumi, ana kuma rage hasken ɗakin don DMBA ba ya son haske. Kwana biyu in ka duba bayan ɓeran ba za ka ga komai ba, fata lafiya lau.

Bayan sati ɗaya ko biyu sai a shiga mataki na biyu, a riƙa ɗiga wani sinadarin daban mai suna TPA, wanda shi ne ƙarfin man kroton ɗin nan, sau biyu a sati, a yi ta yi har kamar sati 20. Kowace ɗigawa fatar sai ta yi ja ta ɗan kumbura ta yi kauri ta yi ɓawo. Wajen sati na 6 zuwa na 8 sai a fara ganin 'yan ƙananan tsiro masu ruwan hoda, duk wanda ya kai milimita ɗaya sai a rubuta shi, akwai takarda mai zanen bayan ɓera da ake ɗiga alama a kai don a san wannan ne na kusa da kafaɗa, wancan ne na kusa da wutsiya. Ɓera guda yana iya fitar da goma, ashirin, wani ma fiye. Daga nan sai jira. Kansa ta gaske ba ta cika bayyana ba sai bayan sati 20, da yawa ma sai 30 zuwa 50.

In aka juya fa, aka fara da TPA sannan DMBA?

Wannan tambaya ita ce zuciyar abin. DMBA shi kaɗai a wannan ɗan ma'auni, kusan ba ƙari. TPA shi kaɗai, sati da satittika, nan ma kusan ba komai sai kaurin fata. A gama TPA sannan a kawo DMBA a tsaya, shiru. Sai DMBA a gaba TPA a baya. Abin mamakin kuma, in ka ɗiga DMBA ka bar ɓeran ya yi wata shida, kai har kusan shekara, sannan ka fara TPA, ƙarin yana fitowa. Amma TPA in ka yi masa tazara mai nisa, maimakon sau biyu a sati ka koma sau ɗaya a wata, aikin banza ka yi ko da jimillar abin da ka shafa ɗaya ne.

Duk wanda ya taɓa yin binne a gonar gero ya san wannan. Ka tona ka sa iri a busasshiyar ƙasa kafin damina, gona tana nan kamar ba a taɓa ta ba, iri yana kwance yana jira. Ruwan da ya sauka kafin ka shuka bai amfane ka da komai ba, yayyafi ɗaya da ya zo ya ɗauke sati huɗu shi ma ba zai raya shuka ba. Matakin farko dai ba ya goguwa, na biyu kuwa sai an dage, in aka tsaya da wuri fata ta koma yadda take.

Mene ne DMBA ke yi ma fatar da ba ya goguwa?

Shi kansa ba ya taɓa ADN, wato rubutun gadon da ke cikin kowace ƙwaya, jikin ɓeran ne ke jawo ma kansa ɓarnar. Ƙwayoyin fata suna da enzim da aikinsu sarrafa baƙon sinadari don a fitar da shi, to a garin sarrafawar sai su mai da DMBA wani abu mai manne ma ADN, musamman harafin A, ɗaya daga cikin haruffan wannan rubutu. In ƙwayar ta rabu kafin a gyara wurin sai a kwafi kuskure, kuskuren ya bi 'ya'ya da jikoki.

Allan Balmain da mutanensa a Glasgo su suka gano inda ɓarnar ke sauka. A 1983 suka nuna wata ƙwayar gado mai suna Hras ta lalace a irin wannan kansa, a 1986 kuma suka nuna cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin da DMBA ya fara, canjin wuri ɗaya ne, gurbi na 61, inda CAA ya koma CTA. Harafi guda cikin biliyoyi. Aikin Hras shi ne ya ba ƙwaya umarnin ta rabu in buƙata ta taso, ya bayar ya yi shiru. Wanda ya lalace ba ya iya yin shirun. Kuma an sami canjin tun a papiloma marar illa, ke nan tun farkon tafiya yake, ba a ƙarshe ya shigo ba. Dalilin da ya sa yake daɗewa kuwa, fata kullum cikin zuba take tana sabuntawa, amma akwai uwayen ƙwayoyi, wasu a gindin gashi wasu a ƙasan fatar sama, waɗanda ba sa zuba, in ɓarnar ta sauka cikin ɗayansu ta zauna kenan.

Shi kuma TPA fa, in ba ya lalata ADN mene ne aikinsa?

Tsokana ce aikinsa. A 1982 aka gano a labo ɗin Nishizuka a Japan cewa yana kama wani furotin mai suna PKC ya tayar da shi, daga nan fata ta ɗauka an ji mata ciwo, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru, wuri ya kumbura, ƙwayoyin fata su shiga rabuwa. Lafiyayyun suna rabuwa su balaga su hau sama su mutu su zube kamar yadda aka saba, mai lalataccen Hras kuwa ba ta son balaga, kowane zagaye sai ta ƙara yawa a kan maƙwabtanta har ta tara tudu. Kumburin ba ɗan rakiya ba ne, cikin aikin yake tsundum, don a 1999 an gwada a ɓerayen da aka cire masu TNF, ɗaya daga cikin sinadaran kumburi na jiki, sai ƙarin ya ragu ƙwarai.

Kuma ba sai TPA ba. Rauni mai zurfi a fatar da aka riga aka ɗiga ma DMBA yana iya fitar da ƙari a bakin yankan, shi ya sa na ce ba a son ɓeraye masu cizon juna. Wani abu da zai ba mutanenmu mamaki, bini da zugu ɗin nan da ake shinge da shi, 'ya'yansa da mansa suna da sinadarai dangin TPA, an kuma gwada su a fatar ɓera sun yi irin wannan aiki. Ban ce wanda ya taɓa shinge zai kamu da kansa ba fa, amma mai shafa ruwansa ko mansa a kan tsohon gyambo kullum, gaskiya ni ba zan ba shi wannan shawara ba.

Duk papiloman ne ke zama kansa in an jira?

Ko kusa. A yawancin jinsunan ɓera waɗanda ke rikiɗa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wasu in aka daina TPA sai su motse su bushe su faɗi, wasu su tsaya cak har ƙarshen ran ɓeran. Kuma duk da a ido kamarsu ɗaya, ba ɗaya ba ne. Henry Hennings da Stuart Yuspa a cibiyar binciken kansa ta Amurka sun lura cewa in aka yi TPA na ɗan lokaci, kamar sati 5, aka tsaya, ƙarin da ke fitowa kaɗan ne amma kansar da ake samu a ƙarshe ba ta ragu sosai ba. Ma'ana waɗanda suka fito da wuri ba tare da dogon lallashi ba, kuma suka ƙi ɓacewa da aka janye TPA, su ne masu haɗari. Tarin da ke fitowa daga baya don an yi ta shafawa, yawancinsu cika lissafi ne.

Ke nan in aka ci gaba da shafa TPA a kan ƙarin ba zai sa ya zama kansa ba?

Wannan shi ne abin da na fi so ɗalibi ya riƙe. A 1983 su Hennings suka ɗauki ɓerayen da tuni sun fitar da papiloma suka raba su. Wasu aka ci gaba da TPA, wasu aka koma ba su sinadarai masu lalata ADN irin su yuretan. Na TPA rikiɗar ba ta ƙaru ba, na biyun kuwa kansa ta ƙaru sosai. Abin da ke yawaita ƙari daban, abin da ke mai da ƙari mugu daban. Tsokana tana tara ƙwayoyi, ta kawo su bakin ƙofa, amma tsallakawa sai an sake samun wata ɓarnar a gado. Amfanin tsokanar ga cutar dai shi ne, ƙwaya ɗaya mai lalataccen Hras ta zama dubbai, cikin dubban nan kuwa da wuya a rasa wadda za ta sake yin kuskure.

Wace ɓarna ce ta biyun?

Ba ɗaya ba ce, suna taruwa ne a hankali. Ɓera yana da kuromozom 40, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke ciki, bibbiyu suke. A papiloman da ya fara nisa sai a tarar kuromozom na 6 da na 7 sun zama uku-uku. Na 7 ɗin nan kuwa a kansa Hras yake, kuma kusan kullum mai ɗauke da lalataccen ne ake ninkawa, daga baya ma lafiyayyen kwafin yakan ɓace gaba ɗaya. Da can lalatacce ɗaya lafiyayye ɗaya suna ja-in-ja, yanzu lalatacce ya yi rinjaye.

Sai p53, wanda aikinsa in ADN ta lalace ya tsai da ƙwaya a gyara, in ba ta gyaruwa ya sa ta kashe kanta. A 1993 Christopher Kemp da Balmain suka yi gwajin a ɓerayen da aka cire masu p53, mutane suna zaton ƙari zai cika masu baya, sai ga shi yawan papiloma bai ƙaru ba, amma 'yan waɗanda suka fito sai suka riƙa komawa kansa da sauri, mugunya kuma mai yaɗuwa. Ka ga p53 ba mafarin yake tsaro ba, mashigar mataki na uku, wato rikiɗa zuwa kansa, yake tsaro.

Akwai kuma TGF-beta, wani sinadari da jiki ke yi, shi lamarinsa ma ya fi ɗaure kai. A gwajin 1996, ɓerayen da aka sa fatarsu ke yinsa da yawa sun fitar da papiloma kaɗan, sai ka ce ai magani ne. Amma waɗanda suka fito ɗin sun fi rikiɗa, har zuwa mafi munin nau'i, wanda ƙwayoyinsa ke daina kama da na fata, su yi tsawo su tsuke baki biyu, su saki juna don gam ɗin da ke haɗa su, E-kaderin, ya tafi, kowace ta kama gabanta cikin nama. Abu guda, da farko yana hanawa daga baya yana taimakawa. Duk mai cewa sinadari kaza “yana maganin kansa” ya kamata a tambaye shi, a wane mataki?

A Beljiyam kuma mutanen Cédric Blanpain a 2012 sun yi ma ƙwayoyi ɗai-ɗai alamar launi cikin ƙarin suka bi zuriyarsu. A papiloma, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke da dogon zango, sauran su rabu sau kaɗan su balaga su mutu, wato har yanzu akwai sauran tsari irin na lafiyayyar fata. A kansa tsarin ya watse, kusan kowa rabuwa yake, balaga ta yi ƙaranci.

Da ido ana iya gane wanda ya rikiɗe?

Wanda ya saba yana ganewa. Papiloma a tsaye yake, yana da ɗan wuya, kansa gatsa-gatsa, in ka kama fatar ka ɗaga yana tasowa tare da ita. In ya fara rikiɗa sai wuyan ya ɓace, ya baje, ya yi kamar yana komawa ciki, gefensa ya yi tudu ya naɗe, tsakiyar ta lotsa ta yi gyambo mai duhun ja, in ka taɓa ka ji tauri a ƙasa. Amma hukunci na mikroskof ne. Sai an yanko an jiƙa a formol an saka cikin kakin labo an yanka siriri an rina, sannan a duba shimfiɗar nan ko an keta ta. Akan kuma duba keratin, furotin ɗin da ƙwayoyin fata ke yi, don na lafiyayyar fata, K1 da K10, suna raguwa, wasu da ba na wurin ba kamar K13 su bayyana.

Kowane ɓera aka ɗauko haka zai yi?

A'a. Baƙin ɓeran da ake kira C57BL/6 taurin kai gare shi wajen TPA, ƙari kaɗan yake fitarwa. SENCAR, wanda asalinsa daga aikin Roswell Boutwell ne a Wiskonsin inda aka yi ta zaɓen masu saurin kamuwa ana haɗa su, nan da nan yake cika. FVB kuma an san shi da saurin rikiɗa zuwa kansa. Sinadari ɗaya, ma'auni ɗaya, sakamako daban, gado ne.

Kusun da ke cikin rumbunmu yana iya shafa mana wannan cuta?

Ba ya iyawa. Wannan kansa ba a ɗaukarta, a labo ake haddasa ta da gangan. Kusun gida yana da nasa laifin, ɓarnar hatsi da cututtukan da ke bin fitsarinsa da ƙumansa, amma ban da wannan.

Ba zalunci ba ne a yi ma dabba haka?

Tambaya ce mai nauyi kuma ba na raina ta, mu da muka taso da hadisin matar da aka yi ma azaba saboda kyanwar da ta kulle. Dabbar tana shan wahala, wannan ba a ɓoye shi. Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka kawo ƙa'idoji uku: in akwai hanyar da ba dabba a bi ta, in babu a rage yawansu, a kuma rage masu wahala iya gwargwado. A ƙasashen da ake wannan aiki sai kwamiti ya amince kafin a fara, kuma akwai iyaka, in ƙari ya kai wani girma ko ya yi gyambo ko ɓeran ya fara ramewa dole a kashe shi ba tare da azaba ba, ko gwajin bai ƙare ba. Ko hakan ya wadatar, mutane sun saɓa. Ni dai a ganina gwajin da aka yi da sakaci har sakamakonsa bai amfani kowa ba shi ne zalunci zalla.

To mu mutane ina ruwanmu da bayan ɓera?

Ba komai ne ya yi daidai ba, a faɗi gaskiya. Fatar ɓera ta fi tamu siranta, kansar fatar mutum kuma yawanci rana ce mafarinta, abin da ya fi lalacewa a cikinta p53 ne da wata ƙwayar gado mai suna NOTCH, Hras ba ya da yawa. Tsiron da ke fito ma yara a hannu ko ƙafa shi kuma ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi, ba dangin papiloman DMBA ba ne duk da sunan ya zo ɗaya.

Amma tsarin tafiyar ya fito a jikin mutum sau da yawa. Kansar babban hanji daga ɗan tsiro marar illa take farawa, shi ya sa in an gan shi a kamara ake cire shi. Da aka fara ba masu wata kansar fata maganin vemurafenib, sai wasunsu suka riƙa fitar da sababbin ƙari cikin 'yan satittika, da aka bincika a 2012 sai ga lalataccen RAS, wato dangin su Hras, a da yawansu, galibi ma Hras ɗin, wato ɓarnar tana kwance tun tuni, maganin ne ya tashe ta. A 2015 a Ingila an duba lafiyayyar fatar fatar-ido ta manyan mutane aka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin suna ɗauke da irin canjin da ake gani a kansa, alhali ba ƙari ba komai. A 2023 kuma mutanen Charles Swanton a Landan suka nuna gurɓatacciyar iska tana tada kansar huhu ta hanyar kumburi, a ƙwayoyin da dama can suna da ɓarna. Maganar Berenblum ta 1947 ce ta dawo da sabuwar riga.

Ni ina da tabon ƙuna tun ina yarinya, yanzu ya buɗe ya ƙi warkewa. Wannan zance ya shafe ni?

Ya shafe ki 'yar'uwa, kuma ke ce ma kika fi kowa dacewa da wannan amsa. A baƙar fata rana ba ta cika kawo kansa ba, inda aka fi samunta shi ne tsohon tabon ƙuna da gyambon ƙafa da ya shekara yana warkewa yana buɗewa. Likitoci na kiransa gyambon Marjolin, sunan wani likitan Faransa ne, kuma yakan ɗauki shekara 20, 30 bayan ƙunar kafin ya bayyana. Rauni da kumburi marar ƙarewa, daidai abin da aka gani a ɓera. Ba kowane gyambo ne kansa ba, ciwon suga ma yana hana rauni warkewa, amma in ya wuce wata guda ba sauƙi, ko gefensa ya yi tudu ya yi tauri, ko yana jini da an taɓa, ko ya canza wari, ko kaluluwa ta fito a matsematsi ko hammata, kar a tsaya wajen wanzami a yi sakiya, kar a ɗaura ruwan batir ko baƙin mai, shi baƙin man mota da aka juye ma an gwada shi a fatar ɓera ya fitar da ƙari.

'Yan'uwanmu zabiya su kuma rana ce abokiyar gabarsu, suna iya kamuwa tun suna 'yan shekara ashirin da wani abu, yawanci a fuska, kunne, leɓe da wuya. Kafin kansar akan ga wani ɓawo mai kaushi da ke ɓarewa ya dawo, a wannan mataki cire shi abu ne mai sauƙi. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, da kauce ma ranar tsaka, musamman a bazara.

Ki je babban asibitin Damagaram ki nemi ganin likitan fata ko na fiɗa, ki gaya masa shekarun tabon da ranar da ya buɗe, ki kuma tambaya ko za a yanki ɗan nama a kai analis, don duba da ido kaɗai ba ya yanke hukunci. In an kama da wuri aikin fiɗa kawai yakan wadatar. In ana buƙatar gashi da na'ura, cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara yinsa tun 2021, likitan ne zai rubuta miki takardar turawa.